Kurakuran da sababbin 'yan kulob ɗin wasan kwaikwayo suke ta maimaita mini

Duk watan Satumba, da an koma makaranta, sai ajin da muke gwaji ya cika da sababbin fuskoki. Wata sakandare ce a Agege, nakan je ranar Laraba bayan an tashi in taya malamin kulob ɗin wasan kwaikwayo aiki. Kafin a yi sati 3 na san inda kowa zai yi tuntuɓe, domin yaran ne kawai ke canzawa, kurakuran suna nan yadda na baro su. Bakina ya gaji, shi ya sa na ce bari in rubuta ko na huta.

Zan fara da wanda ya tsinka ni a gaban iyaye da malamai: ka haddace naka kaɗai. Mu da muka taso da Islamiyya hadda ba ta ba mu tsoro, kuma nan ne tarkon yake. A hadda aya ce ke jawo maka aya, kai kaɗai kake tafiya har ƙarshen shafi. A wasa kuwa, tsakanin maganarka da maganarka akwai bakin wani.

Ina SS1 aka ba ni alƙali. Na samu jan biro na ja layi a ƙarƙashin duk abin da zan faɗa, na haddace shi tsaf a cikin danfo, ban ko kalli na sauran ba. Ranar rabon kyaututtuka, yarinyar da ta fito a mai ƙara ta tsorata ta tsallake rabin jawabinta. Ni kuma abin da na sani kawai shi ne ina magana bayan ta yi dogon bayani. Ta yi shiru, na yi shiru, ba abin da ake ji sai kukan janareta. Da gumi ya fara keto mini sai na cafko abin da ya fara zuwa bakina, ashe hukunci ne. Na yanke shari'a tun ba a kira shaida ko ɗaya ba. Wasan minti 20 ya mutu a minti 8, yara 4 da suka yi wata 2 suna gwaji suna tsaye a bayan labule da kayansu, ba su fito ba. Mahaifiyar ɗayansu tun daga Ikorodu ta taso don ta ga ɗanta. Har muka gama makaranta bai ƙara amsa gaisuwata da sakin fuska ba, kuma ban ga laifinsa ba.

Tun daga ranar, a gefen kowace magana tawa nakan rubuta kalmomi 3 na ƙarshe na wanda zai yi magana kafin ni, in haddace su tare. Sannan in miƙa wa ƙanwata takardar ta riƙa karanta na sauran, in ce ta tsallake layi da gangan ba tare da ta gaya mini ba. Abin da nake tambayar kowane yaro kafin ya hau dandamali shi ne: a wannan fitowar, me dole ya faru kafin ka sauka? In ka san wannan, ko an ɓata maka layi za ka nemo hanya da bakinka. Akwai masu cewa a haddace wasan gaba ɗaya. Ni ban ga yaron da ke fama da jarrabawa da Islamiyyar yamma da zai iya ba.

Na biyu kuma namu ne, mu Hausawan Legas, kuma shi ya fi ƙona mini rai. Da ka shiga kulob aka ji sunanka, an riga an san rawar da za a ba ka: mai gadi, ko mai shayi, ko mai suya. Za a ɗora maka hula, a ba ka 'yar rediyo ka maƙala a kunne, a ce ka karya harshe kamar yadda ake yi a finafinai. Kai da aka haifa a Idi-Araba ko Mile 12, kana jin Yarbanci kamar ɗan gida, Turancinka ya fi na mai ba ka umarnin, sai ka kama lanƙwasa baki don a yi dariya. Za a yi dariyar kuwa, har da tafi, ka ji kanka ya yi girma. Na yi, na sha tafin, daga nan sunana ya ɓace. Shekara 3 ana kirana "aboki" daga bakin get har cikin aji, kuma ba a ƙara tunanin ba ni wata rawa ba sai da na yi rigima.

Gadi sana'a ce, da ita iyayen wasunmu suka biya mana kuɗin makaranta. Ka karɓi rawar in an ba ka, amma ka fito da mutum mai hankali irin wanda ka sani a layinku, wanda ya san shige da ficen kowa a gidan. In an ce ka karya harshe, ka ce da ladabi, "Malam, bari in gwada yadda baffana yake magana." Sannan tun a ranar farko ka ɗaga hannu ka nemi karanta wata rawar daban. Wanda bai nema ba, hular nan ce rabonsa.

Sai murya. Yaron da in yana tashe da azumi ana jinsa daga layi na uku, ya hau dandamali ya koma amarya. Fim ne ya ɓata ku. A fim kyamara na kusa da hancin ɗan wasa, makirufo na rataye a saman kansa, ko raɗa ya yi an ji. A zauren makaranta makirufo ɗaya ne, shi ma da an ɗauke wuta ya tafi. Da muka kai yara ziyara babban gidan wasan kwaikwayo na ƙasa da ke Iganmu, wanda aka gina don FESTAC, bikin al'adun Afirka da baƙar fata na duniya na 1977, na ce kowa ya dubi nisan kujerar ƙarshe ya tuna akwai wanda ya zauna a can. A wurin gwaji nakan koma ƙarshen aji in juya baya, duk kalmar da ban ji ba a sake. Ba ihu nake so ba, ihu kwana biyu ne murya ta dushe. Ja numfashi har cikinka ya taso, buɗe baki, kada ka haɗiye ƙarshen kalma. Kuma ka daina juya wa 'yan kallo ƙeya, ba ita suka zo gani ba.

Ku gaya wa iyayenku tun ranar da kuka rubuta suna, musamman ku 'yan mata. Da yawan iyayenmu da sun ji wasan kwaikwayo harkar fim suke hangowa. Kai takardar wasan gida, ki nuna wa Baba, ki faɗa masa ƙarfe nawa ake tashi da kuma cewa za ki iso kafin Magariba. Bara saura kwana 6 wasa aka janye mana jarumar wasan, don mahaifinta a bakin maƙwabta ya ji.

Sauran ƙanana ne. Cunkoson hanya ba uzuri ba ne, kowa a Legas yake. Kada ka raina rawa mai layi biyu, daga nan muke gane wanda za mu ba babba baɗi. In abokinka ya yi kuskure kada ka yi dariya a kan dandamali, ciji leɓe. Ban da cingam. Ban da leƙen mamanka ta labule. Babbar rigar da za ka sa kuma, ka nemi izinin mai ita, ka yi gwaji da ita aƙalla sau 2, domin tattara hannun babbar riga a kafaɗa kana magana aiki ne da ake koya, kuma na ga sarki ya taka tasa ya kife a gaban fadawansa.