Yadda Ake Juya Aikatau na Turanci da Kalmomin Kiɗa

Fara da siffofi uku na kowane aikatau, wato ta yanzu, ta abin da ya wuce, da wadda ke bin has, kafin ka taɓa jimla. Drum tana bin ƙa'idar ƙara ed da ing, sai dai ana ninka harafin m: drummed, drumming. Beat kuwa 'yar tawaye ce: beat, beat, beaten. Babu wata kalma beated, ko da ɗalibai sun cika takardun jarrabawa da ita. Hit ba ta motsi ko kaɗan, strike kuma ta koma struck.

Daga nan sai ka dubi Hausarka. "Yakan kaɗa ganga" shi ne he beats the drum, kada ka manta da s ɗin nan. "Zai kaɗa" he will beat, wannan ba ya ba da wahala.

Inda ake tuntuɓe shi ne "yana". Mu a Hausa "yana kiɗa" ba ta faɗin lokaci, kalmar da ke kusa da ita ce ke faɗa, shi ya sa muke cewa "jiya da muka iso yana kiɗa". Bature dole ya zaɓa: he is drumming in yanzu ne, he was drumming in jiya ne. Haka ma "ya kaɗa" ta rabu gida biyu. In ka ambaci lokacin, ka ce he beat the drum yesterday. In ba ka ambata ba, abin kuma bai huce ba, sai he has beaten the drum. Has da yesterday ba sa shan inuwa ɗaya. Makaɗin da ya kama kiɗa tun asuba, har yanzu bai ajiye gula ba, he has been drumming since dawn.

Sai ma'anoni. Drummer makaɗi ne, drumhead fatar da aka ɗaure a bakin ganga, talking drum kalangu da danginsa. Wanda kiɗa ya zama sana'arsa, an fi cewa he plays the drums. Drumstick gula ce, amma in ka gan ta a takardar abincin otal, ƙafar kaza ake nufi. Drum ɗin kanta tana iya zama duron ruwa ko na mai, eardrum kuma dodon kunne.

Karanta jimlarka da ƙarfi, ka ja wasalin beat sosai. In ka gajarce shi, bit za a ji, wato ya ciji gangar.