Yadda ake busa gajimaren tururi da sigarin lantarki, da abin da za ka kiyaye

Wannan wasan na busa tururi mai kauri daga gabar yammacin Amurka ya taso, wajajen Kalifoniya, a shagunan masu sai da sigarin lantarki, har ta kai ana shirya masa gasa. Mutum biyu su tsaya baya da baya, a ba su alama kowa ya zuƙa ya busa, alƙalai su duba na wa ya fi tsawo, na wa ya fi kauri. Ita na'urar kanta wani mai haɗa magunguna ne ɗan ƙasar Sin, Hon Lik, ya ƙirƙiro ta a 2003 yana neman hanyar barin taba. To don haka tun daga nan zan faɗa maka ɗan'uwa, in ba ka shan taba kar ka fara wannan don sha'awa, huhu ba a yi shi don tururin gilisirin ba, kuma yaro ɗan ƙasa da 18 ba nasa ba ne sam, a Amurka ma tun ƙarshen 2019 sai ka kai 21 ake sayar maka. Wanda kuma ya riga ya shiga, gara ya san abin da yake yi.

Fara da ruwan da ake zubawa. A jikin kwalba za ka ga an rubuta VG da PG. VG shi ne gilisirin, mai kauri da ɗan zaƙi, shi ke kawo tururi, PG kuma tsinkakke ne, shi ke ɗaukar ɗanɗano yana kartar maƙogwaro. Masu wannan wasa 70/30 suke nema ko 80/20, VG ne mai yawan. Nikotin kuma ka tsaya a sifili, in ya yi yawa 3mg, saboda yawan tururin da za ka zuƙa a nan ya ninka na ƙaramar na'ura sau da yawa. Irin ruwan nan mai 20mg ko 50mg na ƙananan na'urori, wallahi kar ka kuskura ka zuba shi a babbar na'ura, jiri da tashin zuciya da bugun ƙirji za su kama ka nan take. Kuma kar ka zuba wani abu mai maiƙo ko haɗin gida da ba ka san asalinsa ba, a 2019 zuwa farkon 2020 sama da mutum 2,800 aka kwantar a asibiti a Amurka da ciwon huhu, 68 suka mutu, aka gano yawanci daga ruwan wiwi ne na bayan fage da aka gauraya da man bitamin E.

Sai koyil, wato wayar da ke zafi tana dafa ruwan. Ana son wadda ƙarfin turjiyarta bai kai om 1 ba (om shi ne ma'aunin yadda waya ke turje wa wutar lantarki), yawanci tsakanin 0.15 da 0.4, mai faɗin jiki don ta taɓa audugar da ke tsotso mata ruwan da yawa. Mai farawa ya sayi tanki mai koyil na raga wanda kamfani ya haɗa, a jikinsa an rubuta wat ɗin da ya dace da shi, wato ƙarfin wutar da za ka saita, ka jiƙa audugar ka bar ta ta sha ruwa kamar minti biyar zuwa goma, ka fara daga ƙasa kana ƙarawa kaɗan kaɗan. Gwanaye RDA suke amfani da shi, wato kan na'ura marar tanki, su naɗa wayarsu ta Kanthal ko Ni80 da hannu su cusa auduga su riƙa ɗiga ruwa. In ka ji ƙauri ka tsaya, auduga ce ta bushe tana ƙonewa, kuma a wannan zafin ne sinadarai masu cutarwa ke fita.

Batir shi ne inda nake so ka fi nutsuwa, don shi ke raunata mutane. Yawanci batir mai girman da ake kira 18650 ake sawa, in ya cika caji yana ba da bolt 4.2, kuma kowanne yana da iyakar amfiya, wato yawan wutar da zai iya bayarwa a jere: Samsung 25R 20 ne, Sony VTC5A 25, Samsung 30Q 15. Lissafin ba wuya, ka raba bolt da om. Koyil mai 0.2, 4.2 raba 0.2 ya ba ka amfiya 21, ka ga ya riga ya wuce ƙarfin 25R. In ka sauko 0.15 ya zama 28, ya wuce dukkansu ukun. Wannan lissafin na mod (gangar jikin na'urar da ake sa batir a ciki) ɗin nan ne marar ƙwaƙwalwa, bututun ƙarfe kawai da maɓalli, wanda in waya ta haɗu ba abin da zai yanke wuta, kuma an samu waɗanda irinsa ya fashe musu a fuska suka rasu a Fulorida a 2018 da Tekzas a 2019. Ni dai shawarata ka bar shi gaba ɗaya, ka sayi mai allo mai kariya, a nan kuma ka ƙiyasta wat 60 ga kowane batir mai amfiya 20, biyu kenan 120.

Batiran nan na tocila da ake jibgewa a kasuwa an rubuta suna ɗaukar caji 9,900mAh ƙarya ce tsagwaronta, na gaskiya ba ya wuce wajen 3,500, kar ka sa su. In ledar jikin batir ta yage ko ɗan kaɗan ne a sake masa riga ko a ajiye shi, kar ka jefa shi aljihu tare da makulli ko kwabbai, a 'yar akwatin roba ake ɗaukarsa, kuma da zafin ranar nan tamu kar ka bar shi cikin mota a rufe.

Yanzu busawar. Buɗe ƙofofin iska sosai don tururin ya huce kuma ya yi yawa, amma in ka buɗe gaba ɗaya alhali wat ɗinka kaɗan ne, tururin zai fito shara-shara, sai ka riƙa ragewa har ka samu daidai. Ka miƙe tsaye, ka ɗan duƙa ka fitar da iskar da ke ƙirjinka duka, sannan ka zuƙa kai tsaye zuwa huhu kamar yadda masu shisha ke yi, kana miƙewa, daƙiƙa uku zuwa biyar ya isa. Kar ka riƙe shi a ciki, riƙewa rage masa kauri take yi. Ka ɗan turo haɓa gaba, maƙogwaro a buɗe, ka sake shi a hankali da farko, sai wajen ƙarshe ka tsuke baki ka tura sauran da ƙarfi don ya yi nisa. A kashe fanka lokacin, in an gama a buɗe taga, kuma ban da inda yara suke ko mai ciki ko mai asma.

Ka riƙa shan ruwa don gilisirin na busar da baki, ka huta tsakanin zuƙa da zuƙa, in ka ji jiri ko ƙirji ya ɗaure ka ajiye, in numfashi ya ci gaba da yi maka wuya ka tafi asibiti ka faɗa musu abin da ka sha. In tafiya ta kama, batir a jakar hannu ake shiga jirgi da shi, kuma ka bincika dokar inda za ka, Indiya ta haramta sai da shi tun 2019, a Tailan da Singafo kuwa kama mutum ake yi a ci shi tara.