An Ce Ka Ci Kyauta: Kurakuran da Ke Kai Mutum Hannun 'Yan Damfara, da Waɗanda Ke Hana Kuɗi Dawowa

Wata Alhamis da la'asar gwaggona ta kira ni, murya cike da murna. Wai kamfanin layin wayarta ya zaɓe ta cikin waɗanda suka ci kujerar Umara, har da cikakken sunanta aka kira ta. Na ce, "Gwaggo, kin shiga wata gasa ne?" Ta ce, "A'a ɗan nan, ai rabon kwaɗo ba ya hawa sama." Da na matsa da tambaya sai ta ce sun nemi naira 45,000 na fasfo da allurar rigakafi, kuma tun da hantsi ta je wajen mai POS na bakin layi ta tura. Bayan nan wata lamba ta shigo wayarta, suka ce ta karanto musu don a tabbatar da sunanta a jirgi. Ta karanto.

A yini ɗaya ta yi manyan kurakurai biyu, kuma su ne waɗanda aka fi yi.

Na farko shi ne biyan kuɗi don karɓar kyauta. Ko me aka kira kuɗin, na rajista ne, na kwastan ne, na aike ne, ko haraji, duk abu guda ne. Wannan ita ce damfarar da sashe na 419 na dokar manyan laifuka ya ba wa suna, har majalisa ta yi mata doka ta musamman a 2006. Salonta bai canza ba tun zamanin wasiƙa: a nuna maka babba daga nesa, a karɓi ƙarami daga kusa. Wanda zai ba ka mota da gaske ba zai rasa kuɗin man da za a kawo maka ita ba. Kuma gasar da ba ka shiga ba, ta ina za ka ci ta?

Abin da ya ruɗi Gwaggo shi ne sunanta da suka sani. Mutane da yawa nan suke faɗawa. Sanin suna ba shaida ba ne. Duk wanda ya taɓa tura kuɗi ta waya ya san da ka sa lambar asusu sunan mai shi yake fitowa, kuma a wasu manhajojin kuɗi lambar wayar mutum ita ce lambar asusunsa. Ɗan damfara yana zaune yana gwada lambobi, sunaye suna fito masa kyauta. Idan an kira ka da sunan banki ko kamfanin waya, ka kashe, ka kira lambar da ke bayan katinka na ATM, ko ka taka zuwa ofishinsu. Kada ka kira lambar da mai kiran ya ba ka.

Kuskure na biyu ya fi na farko ciwo, domin na farko abin da ka tura kaɗai ya ci, na biyu kuwa ƙofar asusun gaba ɗaya ka buɗe. Lambar nan da ke shigowa ta tes, wadda ake kira OTP, ita ce sa hannunka. Haka lambobin sirri huɗu na kati, da ukun da ke bayansa. Babu ma'aikacin bankin da aikinsa ke buƙatar jin su daga bakinka. Dabarar da suka fi yi yanzu ita ce tsoratarwa: za a rufe asusunka yau idan ba a haɗa BVN da NIN ba, ko an ga wani yana ƙoƙarin cire maka kuɗi. Da ma an san ana irin wannan haɗin, shi ya sa ƙaryar ke shiga. Ka lura da gaggawar da suke sa ka. Duk mai cewa "kada ka kashe wayar" ko "kada ka gaya wa kowa sai an gama" ya riga ya faɗa maka ko shi wane ne. Irin wannan lambar ce kuma, mai guda shida, ake karɓa a ƙwace wa mutum WhatsApp, a bi 'yan uwansa da roƙon rance da sunansa.

Sai batun tafiya. A wajenmu ba hutun bakin teku aka fi yaudarar mutane da shi ba, ɗakin Allah ne, sai kuma bizar aiki. Za ka ga talla a Facebook, Umarar azumi da otal kusa da Harami a kan kuɗin da ko tikitin jirgi bai kai ba, kuma "kujera uku ta rage". Araha ba ta ado. Kuskuren da ake yi a nan shi ne a ga takardar rajistar CAC, hukumar yi wa kamfanoni rajista, a jikin bango a sakankance. Wannan takarda shaida ce kawai cewa an yi wa suna rajista, ba lasisin jigilar alhazai ba ce. Kamfanin jirgin yawo sai da lasisin hukumar alhazai ta ƙasa, NAHCON, kuma hukumar tana fitar da sunayen waɗanda ta amince da su. A duba kafin a ba da ko kafin alƙalami. A biya cikin asusun da ke ɗauke da sunan kamfanin, ba na wani ejan ko ƙaninsa ba, a karɓi rasit da yarjejeniya a rubuce: wane otal, kwana nawa, me zai faru da kuɗi idan biza ba ta fito ba.

Akwai kuma masu cewa za su kai ka aikin Hajji da bizar ziyara, wai duk ɗaya ne idan an shiga. Ba ɗaya ba ne. A Hajjin 2024 hukumomin Saudiyya sun ce mutum 1,301 suka rasu, galibi saboda tsananin zafi, kuma kashi 83 cikin ɗari ba su da izinin aikin Hajji. Wanda ba shi da izini ba shi da tanti mai sanyi a Mina, ba shi da motar alhazai, a ƙafa yake cikin rana.

To, an riga an yi. Daga nan ne kurakuran suka fi tsada, kuma nan ne aka fi ƙarancin magana.

Mafi girmansu kunya ce. Mutum ya gane an cuce shi da azahar, sai ya yi shiru yana juyayi, yana sake kiran lambar ko za a ɗauka, yana tunanin yadda zai faɗa wa iyali. Sai Litinin ya shirya ya tafi banki. Alhali kuɗin da aka tura tsakanin bankuna cikin daƙiƙoƙi suke sauka, kuma ɓarawon ba ya barinsu su kwana. Yana rarraba su zuwa asusu uku ko huɗu, ya cire wajen masu POS, ko ya sayi kuɗin kirifto. Abin da banki zai iya riƙewa shi ne abin da ya tarar bai fita ba. Saboda haka awa ɗaya ta farko ta fi mako guda na zirga-zirga daga baya. Da zafi-zafi ake bugun ƙarfe. A kira layin banki nan take, ko dare ne ko Lahadi, a ce a toshe kati da manhaja, a kuma sanar da bankin da kuɗin suka shiga don a sa wa asusun takunkumi. Bankuna da yawa suna da lambar da za ka danna a kowace waya ka rufe asusunka. Ka nemi ta bankinka yau ka rubuta a takarda, domin ranar da aka sace wayarka ba za ka samu natsuwar nema ba. Idan wayar aka ɗauke, layin ma a toshe shi a ranar, don ko da layin kaɗai ana iya kwashe kuɗi.

Wani kuskuren shi ne goge saƙonni saboda haushi. Kada a goge komai. Lambar da ta kira, hirar WhatsApp, tallar, sunan asusun da aka tura wa, lokaci, da rasit. A jikin rasit ɗin tura kuɗi akwai wata doguwar lamba mai guda 30 da ake kira Session ID, da ita ake bin sawun kuɗin daga banki zuwa banki. Idan ta wajen mai POS aka tura, a koma wurinsa ya fitar da ita daga na'urarsa.

Sannan a daina kai ƙorafi da baki kawai. Ka je ka yi faɗa a gaban kanta, a ba ka haƙuri, ka dawo gida, a wajen banki kamar ba ka je ba. A rubuta, a sa kwanan wata, a sa su buga hatimi a kwafinka, a karɓi lambar bibiyar ƙorafi. Dalili kuwa, Babban Bankin Najeriya yana da sashen kare haƙƙin masu hulɗa da bankuna, amma ba ya sauraron wanda bai fara kai kuka bankinsa ba. Ƙa'idar ita ce ka ba bankin mako biyu. Idan bai warware ba, ko ya yi biris, sai ka rubuta wa sashen ta cpd@cbn.gov.ng ko ka kai takarda reshen Babban Bankin da ke jiharka, haɗe da shaidar ka fara zuwa bankinka. A gefe guda a kai rahoto wajen 'yan sanda ko EFCC. Ko da an riƙe kuɗin a asusun ɓarawo, galibi banki ba ya ɗebo su ya miƙa maka sai da yardar mai asusun ko umarnin kotu, kuma rahoton nan shi ne matakin farko na samun umarnin.

Ana kuma haɗa abubuwa biyu da ba su da alaƙa. Idan na'ura ta cire maka kuɗi ba ta ba ka ba, wannan ba damfara ba ce, kuma haƙƙinka a fili yake. Tun watan Yunin 2020 Babban Banki ya sa wa'adi: ATM na bankinka nan take, in ta ƙi, kada ya wuce awa 24, ATM na wani banki awa 48, POS ko sayayya ta intanet awa 72. A nan kana iya tsayawa da ƙafarka ka ambaci wa'adin. Amma kuɗin da ka tura da hannunka, ko aka cire bayan ka ba da OTP, banki zai ce maka sakacinka ne. Kada wannan ya sa ka yi ƙarya a takardar ƙorafi cewa ba ka ba kowa lamba ba. Suna ganin komai a na'urarsu, kuma ƙaryar za ta ɓata sauran maganarka ta gaskiya. Inshorar NDIC ma, ta hukumar da ke kare ajiyar banki, da wasu ke sa rai a kanta, ta bankin da ya durƙushe ce, ba ta wanda aka yaudara ba.

Bayan duk wannan akwai masu jiran gawa. Da ka rubuta kukanka a ƙarƙashin shafin banki a Facebook ko X, cikin mintuna wani zai biyo ka ta saƙon sirri da tambarin bankin, yana ba da haƙuri cikin ladabin da ba ka taɓa samu a reshe ba, yana neman lambar katinka don "a mayar maka". Wani kuma zai ce shi jami'i ne ko gwanin kwamfuta, zai ƙwato maka kuɗinka idan ka biya na aiki. An ga irin haka bayan MMM, tsarin zuba kuɗi a ci riba, ta daskarar da kuɗin jama'a a Disambar 2016, an sake gani da takwararta CBEX ta rufe a Afrilun 2025, inda aka ce wa mutane su ƙara zuba wasu daloli kafin a sake musu nasu. Garin neman gira a rasa ido.

Gwaggo dai mun kira banki kafin magariba, washegari Juma'a da safe muka kai takarda. Daga cikin abin da aka kwasa bayan ta karanta lambar, an tarar da wani kaso bai bar asusun da ya shiga ba, aka riƙe, ya dawo bayan watanni da takardar kotu da zuwa ofishin 'yan sanda har sau uku. Naira 45,000 da ta tura da hannunta kuwa tun kafin azahar aka cire su. Mako biyu bayan nan wata sabuwar lamba ta kira ta, wai daga sashen mayar da kuɗi na banki. Ta ce masa, "Bari in ba ka ɗana ku yi magana." Kafin ta miƙo mini wayar ya kashe.