Tsohon Masunci da Gicciye: Inda Ɗalibai Suke Tuntuɓe a Littafin Hemingway

Duk ɗalibin adabin da aka ba shi "The Old Man and the Sea" na Ernest Hemingway, wanda ya fito a 1952, sai ya ji an ce akwai alamomin Kiristanci a ciki. Akwai su kuwa. Matsalar ita ce yadda ake sarrafa su a takardar jarrabawa.

Kuskuren da ya fi yawa shi ne a rubuta kai tsaye cewa Santiyago, tsohon masuncin da labarin yake kansa, shi ne Yesu, a rufe magana. Dubi abin da marubucin ya yi. Lokacin da tsohon ya hango kifayen shak sun nufo katon kifin da ya sha wahalar kwana uku kafin ya kama, sai ya yi wani sauti, aka kwatanta shi da na mutumin da ƙusa ta ratsa tafin hannunsa ta shige katako. Da ya dawo gaɓa ya saɓa doguwar sandar kwale-kwalensa a kafaɗa yana hawan tudu, ya faɗi, ya zauna har sau biyar kafin ya kai bukkarsa, sannan ya kwanta rub da ciki, hannuwa a miƙe, tafukan suna kallon sama. Wanda ya san labarin gicciye a Linjila zai gane hoton nan take. Amma tsohon nan bai mutu ba, bai fanshi kowa ba, kuma da bakinsa yake tuhumar kansa ko girman kai ne ya sa ya kashe kifin. Gyaran shi ne ka ce an aro siffar wahalar Almasihu domin a ɗaukaka wahalar talakan masunci, sannan ka nuna inda kamannin ya tsaya. Nan ne maki yake.

Wasu kuma farautar lambobi suke yi. Sun ga Manolin, yaron da ke taya Santiyago su, ya yi kwana 40 tare da tsohon a teku, sai su ce azumin Yesu ne a jeji. Wannan yana da ɗan tushe. To kwana 84 da ya yi bai kama komai ba fa? Kada ka matsa wa lamba ta haifi ma'anar da labarin bai goya mata baya ba.

Addu'o'in Santiyago ma ana yawan ɗaukarsu shaidar taƙawa. Shi da kansa ya ce ba mai addini ba ne. Alkawari ya yi zai karanta addu'ar Ubanmu da ta gaisuwar Maryamu goma-goma, ya kuma kai ziyara ga Budurwar Kobre, wato wurin ibadar Maryamu da ke garin Kobre a Kyuba, idan kifin ya shiga hannu. Ciniki ne irin na mutumin da ya shiga tsaka mai wuya. Hotunan addinin da ke bangon bukkarsa ma na marigayiya matarsa ne. A Kyuba labarin yake, ƙasar da Katolika ta ratsa al'adarta, saboda haka wasu abubuwan rayuwar yau da kullum ce kawai.

Akwai masu kaucewa ta ɗaya gefen. Sun ji Hemingway ya rubuta wa Bernard Berenson, masanin tarihin zane-zane, wasiƙa yana cewa babu wata alama a littafin, teku teku ne, tsoho tsoho ne, sai su watsar da batun gaba ɗaya. Ban yarda da wannan ba. Mutumin da ya sa ƙusa da katako a jimla ɗaya ya san abin da yake yi. Kawo maganar tasa, ka ajiye ta kusa da hujjar littafin, ka auna.

Ɗalibin da bai taso da Linjila ba, ya karanta labarin gicciye a ƙarshen Bisharar Markus ko ta Yohanna kafin ya ɗauki biro. Fahimtar aron marubuci ba ta buƙatar ka amince da aƙidar. Daga nan sai ka koma shafukan ƙarshe, daga zuwan shak na farko har tsohon ya kwanta, ka ja layi ƙarƙashin duk inda aka ambaci hannuwansa.