Taga ɗaya ta isa: yadda nake shirya shafuka a manhajar Qt

Manhajar farko da na rubuta wa kawuna, mai sayar da siminti da kwanon rufi a Sabon Gari nan Maradi, kowane maɓalli sabuwar taga yake buɗewa. Ranar da na leƙa shagon na tarar da tagogi bakwai jibge a allon kwamfutar, biyu daga ciki na ciniki guda ne. Yaron shago ya shigar da buhu 20 na wani ɗan Jibiya sau biyu. Kawu ya ce, "Ɗana, littafina na bashi bai taɓa ruɗa ni haka ba." Abin ya tsaya mini a rai, na zauna na sake ginin daga tushe.

Da PySide6 nake aiki, wato Qt 6, kayan aikin gina tagogin manhaja, ta harshen Python. Abin da za ka nema a ciki shi ne QStackedWidget: yana riƙe shafuka da yawa, amma ɗaya tak yake nunawa. Ka ɗora shi tsakiyar babbar tagarka da setCentralWidget, ka zuba shafuka da addWidget: na ciniki, na kaya, na masu bashi.

Ga inda nake roƙonka ka saurare ni. Kada ka kira shafi da lamba. setCurrentIndex yana da sauƙi, amma duk ranar da ka cire shafi ɗaya ko ka cusa wani a tsakiya, lambobin na bayansa sun gusa, maɓallin bashi ya kai mutum wajen kaya. Ba kowane shafi suna, ka adana su a ƙamus (dict na Python), sannan duk tafiya ta bi ƙofa guda:

    def je(self, suna, kaya=None):
        shafi = self.shafuka[suna]
        shafi.shiga(kaya)
        self.tari.setCurrentWidget(shafi)
        self.sawu.append((suna, kaya))

"tari" shi ne QStackedWidget ɗinka, "shafuka" kuma ƙamus ɗin. Wannan "kaya" shi ne guzurin tafiya. In an latsa sunan mai bashi, lambarsa ce ke bin hanya zuwa shafinsa. "shiga" kuwa kai za ka rubuta wa kowane shafi, a nan zai sake ɗauko bayanai daga ma'ajiya. Kada ka yi wasa da shi, domin shafin da aka ɓoye bai mutu ba, yana nan da tsohon lissafinsa. Ni da na manta, an sayar da siminti amma shafin kaya na ta nuna adadin safe.

"sawu" jerin inda aka bi ne. Don komawa baya, in jerin ya wuce ɗaya, ka yar da na ƙarshe, ka ciro na gabansa ka miƙa wa "je", shi zai mayar da shi cikin jerin. Ka haɗa wannan da QShortcut a kan Alt da kibiyar hagu. Bayan an kammala ciniki kuma ka share sawun, don kada a koma a sake latsa "adana".

Shafi bai kamata ya san maƙwabcinsa ba. In yana son a tafi wani wuri, ya aika Signal, wato saƙon Qt, mai ɗauke da sunan shafin, babbar taga ta kai shi. Da haka ne na ƙara shafin kuɗin sefa da naira daga baya ban taɓa sauran ba.

Akwai tarko wajen jera maɓallan gefe cikin madauki (for) da lambda, wato ƙaramin aiki marar suna: dukkansu za su kai ka shafin ƙarshe, domin Python sai lokacin latsawa yake duba ƙimar sunan. Ɗaure sunan tun wajen rubutawa:

    lambda danna=False, s=suna: self.je(s)

In kuma ka cire shafi da removeWidget, ka sani bai goge shi daga ƙwaƙwalwa ba, sai ka bi shi da deleteLater. A tsohuwar kwamfuta irin ta shagon Kawu, wadda ke kunne tun safe har bayan isha'i, ana ganin bambancin.