Yadda ake farfaɗo da tsohon katun na barkwanci

Kafin komai, a nemo mai haƙƙin mallakar katun ɗin, a karɓi izininsa a rubuce. In babu, YouTube na iya sauke shi bayan an sha wahala.

Sai kaset. Damshin Legas yana sa kaset ɗin VHS ko Betacam yin fumfuna, kuma in aka saka shi a na'ura haka, zai ɓata kan injin, wato ɓangaren da ke karanta kaset ɗin, hoton ya dagule. A tsabtace shi tukuna, sannan a kwafe zuwa kwamfuta a kan hoto 25 cikin daƙiƙa ɗaya, ma'aunin talabijin ɗinmu. Tsohon hoto 4:3 ne, wato in faɗinsa 4 ne, tsayinsa 3 ne. Kada a miƙe shi ya cika faffaɗan allon zamani na 16:9, fuskoki za su baje kamar an taka su. A bar baƙi gefe da gefe.

Barkwancin shi ne aiki. Abin da ya ba iyaye dariya da, ba lallai ya motsa yaran unguwannin Legas irin su Agege ko Idi-Araba ba. A sake rubuta hirar da Hausar da suke yi a gida da kasuwa. In za a zana sabon kashi, a naɗi murya farko, sannan a daidaita bakin zanen da ita. Kashi ya tsaya kusan minti 7, saboda data.