Darasi na Bakwai: Tagar Ƙarfe da Sanyi da Raɓar Cikin Ɗaki

Tsofaffin gidajen gwamnati da makarantu da yawa a Jos da Kaduna da Zariya suna da tagogin ƙarfe masu gilashi, kuma duk wanda ya taɓa kwana kusa da irin wannan taga a watan Disamba ko Janairu ya san yadda sanyi yake kwararowa daga wajenta ko da an kulle ta. Dalili shi ne ƙarfe ba ya riƙe zafi. Zafi yana ratsa ƙarfe fiye da yadda yake ratsa katako sau ɗari uku ko ma fiye, alminiyam kuwa ya fi ƙarfen saurin miƙa shi kusan sau huɗu. Saboda haka ɗumin da ya taru a ɗaki da rana yakan bi firam ɗin taga ya fice da dare.

Matsala ta biyu ita ce ruwan da ake tararwa da asuba yana gangarowa a jikin gilashi da firam. Mutane da yawa suna zaton ruwan sama ne ya shigo ta wata kafa, har su kira mai gyara ya liƙe ko'ina, amma mafi yawan lokuta ruwan daga cikin ɗakin ya fito. A dubi kwalbar ruwan sanyi da aka ciro daga firji: cikin ɗan lokaci za a ga tana gumi, alhali ba ta fashe ba. Iska mai ɗumi tana ɗauke da tururin da ido ba ya gani, idan ta taɓa abu mai sanyi sai tururin ya koma ruwa. A ɗakin da zafinsa ya kai digiri 20, danshin iskarsa kuma kashi 60 cikin 100, duk abin da zafinsa ya sauka zuwa kimanin digiri 12 zai fara tara raɓa, kuma firam ɗin ƙarfe ne kan riga komai yin sanyi. Da hunturu iska busasshiya ce, don haka raɓar ba ta cika yawa ba. An fi ganinta da damina, musamman a wurare masu tudu irin su Jos da Gembu a tsaunin Mambila.

Tururin yana fitowa daga numfashin masu barci, da tukunyar da ke tafasa, da wankin da aka shanya a ɗaki, da risho. Lita ɗaya ta kananzir idan ta ƙone tana sakin ruwan da ya kusa lita ɗaya a cikin iska. Don haka gyara na farko ba ya buƙatar kuɗi: a rufe tukunya da murfi, a shanya kaya a waje, a buɗe taga na minti goma kowace safiya, sannan a goge ruwan da ya taru da busasshen tsumma kafin ya kwanta a ƙasan firam, domin a nan tsatsa take farawa, a nan kuma bango yake yin baƙi.

Inda tsatsa ta riga ta kama, sai a kankare ta da buroshin waya har farin ƙarfe ya bayyana, a shafa jan fentin da masu walda suke sa wa sabuwar ƙofa, a bar shi ya bushe sosai, sannan a bi da fentin mai sau biyu. Tsohon fenti yana iya ƙunsar dalma, wadda guba ce ga yara ƙanana, saboda haka a jiƙa wurin kafin a kankare, a kuma kwashe ɓarɓashin kafin yara su shigo. Idan abin da yake riƙe gilashin ya tsage, a cire shi a sa sabo.

Don rage fitar ɗumi, a manna siririyar roba ko soso a inda marfin taga yake haɗuwa da firam, sannan a rataya labule mai kauri da ya rufe tagar duka. Sai dai dole a ɗage shi da safe, in ba haka ba raɓa za ta taru a bayansa ba a sani ba. A ƙasashe masu tsananin sanyi irin Ingila ana ƙara gilashi na biyu daga ciki, domin iskar da ke tsakanin gilasan biyu ta tare sanyin. Farar leda mai kauri da aka ɗaura a kan siririn firam na katako tana yin kusan wannan aiki da araha.

Wanda yake shiga ɗaki da kaskon garwashi kada ya toshe kowace kafa. Gawayi yana fitar da iska mai guba wadda ba ta da wari ko launi, kuma tana kashe mutum yana barci. A fitar da kaskon waje kafin a kwanta.

Aikin gida: gobe da asuba kowane ɗalibi ya taɓa firam ɗin tagarsa da kuma ƙofar katako, ya rubuta a littafinsa wanda ya fi sanyi da wurin da ya ga ruwa, ya zo da shi aji.